Ƙullin Da Ba Ya Zafi Ma A Kai Shi Asibiti

Iyaye mata, magidanta, malamai, ku ba ni aron kunnuwanku, maganar sankarar mama ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna ɗauke da ita, ta kuma yi ajalin 670,000. A Najeriya babu ciwon dajin da ya kai ta kama mata.

Ana yawan tambaya ko akwai abin da mace za ta yi ta kauce mata. Akwai. Shayarwa tana rage haɗarin: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa yana rage shi da kusan kashi 4 cikin 100. Wannan abin namu ne tun kaka da kakanni, kada madarar gwangwani ta raba mu da shi don kawai a ce an waye. Motsa jiki ma yana taimakawa. Mai daka da surfe da ɗiban ruwa ba ta bukatar wa'azi a nan, da Hajiyar falo nake, wadda ko gidan maƙwabta sai an tayar mata da mota. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗari, don haka masu haɗiyar ƙwayar "sha ka fashe" su yi wa kansu faɗa. Giya da taba kuwa ba sai an faɗa ba.

Sai dai kada a yaudare ku. Kusan rabin matan da ciwon ke kamawa ba su da wani dalili da za a nuna, illa dai su mata ne kuma shekaru sun ja, galibi daga 40 zuwa sama. Mace na iya shayar da 'ya'ya takwas, ba ta taɓa ganin kwalbar giya ba, ya kama ta. To, a daina ɗora mata laifi. Ba kuɗin da ta cusa a rigar mama ba ne, ba jifa ba ne, ba aikin kishiya ba ne. Wani kaso kaɗan gado ne, shi ya sa wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon ya kamata ta faɗa wa likita tun da wuri.

Abin da ke kashe mana mata jinkiri ne. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon suna haura shekara biyar da rai, don da wuri ake kamo shi. Mu kuwa mun san yadda ake yi. Mace na wanka ta ji wani ƙulli kamar gurjiya, ba ya zafi, sai ta ja bakinta ta yi gum. Bayan wata shida a kawo garin shafawa daga kasuwa. Daga nan wanzami ya yi tsaga. Sai fata ta fashe, wari ya hana shiga ɗakin, sannan a nemi mota zuwa asibitin Shika ko Asibitin Malam Aminu Kano, a ce likitoci sun kasa. Me ya hana ta magana tun farko? Kunya, da tsoron "za su yanke min mama", da tunanin abin da maigida zai yi bayan an yanke.

'Yar'uwa, duk wata, kwana kaɗan bayan kin yi wankan tsarki, ki tsaya gaban madubi ki duba, ki lalube har cikin hammata. Ƙulli, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta yi kauri ta lotsa, ki tafi asibiti a makon. Yawancin ƙulli ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai faɗa.

Maigida, idan ta ce maka ta ji wani abu, kada ka ce a bari sai albashi ko sai bayan girbi. Ka ɗauke ta da kanka, ka kuma gaya mata a fili cewa da mama ko babu, matarka ce. Liman, ka faɗi wannan a huɗubar Juma'a. Malamar Islamiyya, ki ware rabin awa ki koya wa ɗalibanki yadda ake dubawa. Gwamnoni da 'yan majalisa kuma, magani da gashin na'ura sun fi ƙarfin aljihun talaka. Ku sa ma'aikaciya mace mai duba mama a kowane asibitin ƙaramar hukuma, ku sa kuɗin gwajin a kasafin baɗi.