Idan Damina Ta Ɗauke Kafin Dawa Ta Nuna

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ba ya baƙin ciki idan ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Satumba. Magudanai sun huta, caɓalin lunguna ya bushe, sauro ya fara raguwa. Sai bayan watanni, idan ya je kasuwar Tarauni ya ji farashin kwanon dawa, sannan lissafin ke riskarsa.

Mun saba auna damina da yawan ruwan da aka yi, alhali abin da ke raba manomi da amfaninsa shi ne lokacin da ruwan ya zo da lokacin da ya tafi. Kaura da farfara, dawar da kakanninmu suka zaɓa, ba kwanakin shuka suke ƙirgawa ba. Gajartar yini ce ke sa su fidda kai wajen Satumba, ko an shuka su da wuri ko an makara. Iri ne da aka daidaita da damina mai kaiwa Oktoba. Idan sama ta rufe kafin nan, sai a ga kara ya yi tsayi gwanin sha'awa, zangarniya kuwa ƙaiƙayi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan gonar.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa, cibiyar bincike ta Samaru kuma ta daɗe da samar da dawa mai saurin nuna. Ina ganin aikin KNARDA ne ta kai wa manomi duka biyun, a rediyo da bakin malaman gona, tun watan Afrilu, kafin ya buɗe rumbu ya ɗebo iri.