Ra'ayinmu: Haɗiyar Zuciya a Kasuwannin Kan Iyaka

Tun kaka da kakanni Bahaushe yake da kalmar haɗiyar zuciya. Idan mutum ya ji mugun labari, ko aka ci masa mutunci ta yadda ba zai iya ramawa ba, ya yanke jiki ya faɗi bai sake tashi ba, sai a ce ya haɗiyi zuciya. Ƴan boko da dama sun daɗe suna ɗaukar wannan magana camfi ne irin na tsofaffi. To amma likitocin duniya sun zo sun tarar da tsofaffin a inda suka tsaya. A shekarar 1990 likitoci a ƙasar Japan suka bayyana wani ciwo da suka raɗa wa suna takotsubo, wanda yakan kama mutum bayan baƙin ciki ko firgita mai tsanani, inda wani sashe na zuciya yakan saki ya kumbura ya kasa tura jini yadda ya kamata. Ya fi kama mata masu manyan shekaru, kuma akasarin waɗanda aka kai asibiti da wuri sukan warke cikin makwanni, sai dai akwai waɗanda yake zama ajalinsu.

Abin da ya sa wannan jarida ta ɗauko zancen shi ne halin da ƴan kasuwarmu na kan iyaka suka shiga a ƴan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. A farkon 2023 aka yi sauyin takardun Naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, mai shanu ya kai shanunsa Maigatari ran Alhamis ya rasa mai ƙirga masa kuɗi a hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame hanya tsakanin Ƙonni da Illela, da Maraɗi da Jibiya, da Gaya da Kamba, har zuwa watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakani Naira dubu ɗaya, wadda take wajen Sefa 800 a hannun ƴan canji a farkon 2023, ta dawo wajen Sefa 400 a farkon 2024. Duk wanda ya ɗauki kaya bashi da Sefa ya sayar da Naira ya san abin da wannan lissafi yake nufi, ba sai mun fassara masa ba.

An yi ta ƙididdigar asarar da aka tafka: motocin albasar Galmi da suka ruɓe a bakin iyaka, dabbobin da suka rame, jarin da ya karye. Abin da ba mu ji wani ya ƙirga ba shi ne mutanen. Da wuya a sami layin kasuwar da ba shi da labarin wani Alhaji ko wata Hajiya da aka rabu da su lafiya da yamma, da safe aka ce ɓarin jiki ya shanye, ko kuma aka ce an yi jana'iza. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma faɗin haka bai hana mu tambayi abin da ya yi sanadi ba.

Ga yadda masana suka bayyana abin. Idan hankalin mutum ya tashi, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, wato adirenalin da kotizol, waɗanda suke sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikinsa. An halicci jiki da wannan shiri ne domin lokacin haɗari, kamar a ce kura ta biyo mutum, ya gudu ya tsira, daga nan komai ya koma daidai. To bashi ba kura ba ne da za a tsere mata cikin minti biyar. Ɗan kasuwar da ya kwana da tunanin mai kaya, ya tashi da tunanin canji, ya wuni yana ciniki da masu shinge tun daga duwan har ƴan sanda da jandarmomi, jikinsa yana cikin wannan shiri na gudu dare da rana, wata da watanni. A hankali jijiyoyi suke taurara, naman zuciya ya yi kauri saboda wahalar turi, daga baya ya gaji. Bugu da ƙari, mai damuwa ba ya barci, yakan ƙara taba da goro da shayi mai kauri, wani ma har ya kai ga tiramol don ya iya jure hanya, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta riga ta yi nauyi.

Wannan ba zato ba ne. Wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka yi a ƙasashe 52, aka buga a 2004, ya nuna cewa masu fama da damuwar da ba ta yankewa sun ninka sauran mutane kimanin sau biyu wajen haɗarin bugun zuciya. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018. Ya gano cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da suke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, sa'annan ya lissafa damuwa, da barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye a cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa ɗaya daga cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Dalili kuwa shi ne ciwon ba ya yin sallama. Mutum zai iya shekara goma da shi yana ɗaga buhu, ba ciwon kai ba jiri. Ran da ya faɗi sai a ce jifa ne daga abokan hamayya, ko shafar aljanu, a ɓata kwanaki uku ana hayaƙi a gida kafin a tuna da asibiti.

Sai batun maganin gargajiya, wanda mun san shi ne mutanenmu suka fi tambaya. Ba mu raina itatuwan ƙasarmu ba. Zoɓo, alal misali, an gwada shi: wani bincike da aka yi a jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya nuna cewa kofi uku a rana na tsawon mako shida ya rage lambar sama ta awon jini da wajen maki 7 ga waɗanda jininsu ya ɗan hau. Amma zoɓon da aka gwada ba irin na ƙulli a leda ba ne da aka dama da rabin kwanon sukari, kuma maki 7 ba zai ceci wanda awonsa ya kai 180 ba. Kwaɗon zogale da rama da miyar yakuwa abinci ne mai amfani, kuma sun fi araha a kan tsire da kilishin da muke ci a tasha. Rage gishiri ya fi duk wani jiƙo aiki. Hukumar Lafiya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma a tuna dunƙulen miya da ake jefawa huɗu-huɗu a tukunya yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma ƴar gidansu ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da yake kama mata masu jego.

Abin da muke adawa da shi shi ne masu lasifika a tasha da bakin kasuwa, waɗanda suke sayar da gora ɗaya su ce tana maganin hawan jini da basir da sanyi da faɗuwar gaba gaba ɗaya, har su ce wa mutum ya watsar da ƙwayar asibiti. Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a daina. Wanda likita ya ɗora a kai, ya ga jini ya sauka ya ajiye, to jinin zai koma inda ya fito. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da ƴan dako da direbobi suke haɗiya kullum kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda.

Maganin damuwa na haƙiƙa wanda ba a saya da kuɗi ya fi wuyar sha. Barci na awa bakwai, ko da ranar jajibirin kasuwa ce. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin kwanakin mako, maimakon hawa babur daga rumfa zuwa masallaci. Natsuwa a cikin ibada ba tare da waya tana ruri a aljihu ba. Sai kuma magana, wadda ita ce muka fi rauni a kanta. Ɗan kasuwa yana ganin asirinsa shi ne jarinsa, saboda haka ko ya karye sai ya ƙara wa babbar rigarsa guga, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa amininsa ba, ya ci wani bashin don ya rufe na farko. Mun fahimci dalilin, domin a kasuwa amana ake sayarwa, kuma wanda aka ji ya girgiza ba a ba shi kaya. Duk da haka zuwa wurin mai kaya tun da wuri, tare da dattijo guda a matsayin shaida, a tsara biya kaɗan-kaɗan a rubuce, ya fi watanni shida na ɓuya da kashe waya. Su ma iyayen gida masu ba da kaya su tuna addini ya yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, kuma gawa ba ta biyan bashi.

Ga hukumomi, kiranmu biyu ne. Na farko, duk lokacin da za a hana fitar da wani kaya, ko a sauya haraji, ko a rufe hanya, a ba da wa'adi a sanar a rediyo da harshen da mutane suke ji, domin dokar da aka kwana aka tashi da ita takan tarar da motoci a kan hanya ɗauke da dukiyar mutum ta shekara ashirin. Na biyu, a rage shingayen da ba su da aiki sai karɓa, a kuma sa ido a kan masu tallar magani.

Su kuwa sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ba sai sun jira gwamnati ba. Na'urar awon jini mai batir kuɗinta bai kai na rago guda ba. Kowace ƙungiya za ta iya sayen biyu daga kuɗin da take tarawa, ta nemi ma'aikacin lafiya daga cibiyar da ta fi kusa ya riƙa zama a rumfar sarkin kasuwa kowace ranar kasuwa, a keɓe wa mata wurinsu. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, a tura shi ya ga likita. Wanda kuma ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, yana gumi, ciwon yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko aka ga bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, kada a ce olsa ce, kada a tsaya neman jiƙo. A bar rumfar a hannun yaro, a tari mota ta farko zuwa asibiti.