FILIN 'YAN MATA: Takobin Gora da Darasin Natsuwa

Gaisuwa ta musamman ga masu shirin zana jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a, amin.

Kukan da na fi ji daga bakinku shi ne, "Anti, da na buɗe littafi sai ido yana kan takarda, zuciya kuma tana wani gari." To yau ƙasar Japan zan kai ku, ku ga yadda 'yan mata sa'o'inku suke koyon tara hankali wuri guda, kuma da takobi suke koyo. Kar ku zaro ido, na gora ne!

Sunan wasan kendo, wato "hanyar takobi". Ya samo asali ne daga mayaƙan Japan na da, waɗanda ake kira samurai. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, amma koyonsa bai mutu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 an dakatar da wasan na wasu shekaru, sai a 1952 aka kafa ƙungiyar kendo ta ƙasa baki ɗaya, a 1970 kuma ta duniya. Daga 2012 aka wajabta wa 'yan ƙaramar sakandare, maza da mata, su koyi wasan kare kai na gargajiya, kuma kendo na cikin waɗanda makaranta za ta iya zaɓa.

Takobin sunansa shinai, tsagin gora huɗu ne aka haɗa aka ɗaure da fata. Na manya ba ya wuce santimita 120, na mata kuma ba ya gaza giram 440, kusan rabin kilo ke nan. Yarinya za ta sa riga mai kauri da wando mai faɗi kamar buje, ta rufe fuska da hula mai ragar ƙarfe, ta sa safar hannu da sulken ƙirji. Ƙafa kuwa ba takalmi, a kan daɓen katako.

Kafin a taɓa takobi sai kowa ya durƙusa a layi, a yi shiru, a daidaita numfashi, a bar damuwar gida a bakin ƙofa. Sannan a gaida malami, a fara ɗaga takobi sama ana saukewa, ana maimaitawa har gumi ya jiƙa riga. Duk wadda ta taɓa riƙe taɓarya ta san abin da irin wannan ke yi wa kafaɗa da damtse. Ga ƙafafu suna ta silalawa gaba da baya, baya a miƙe, numfashi yana ƙara tsawo. Ƙarfin jiki ke nan.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ba da maki. Alƙalai uku ne, kowanne riƙe da tuta ja da fara. Ko kin sami abokiyar karawarki a ka ko a hannu, ba za a ɗaga miki tuta ba sai zuciyarki da takobinki da jikinki sun tafi tare: ihun da kika yi, da saran, da takun ƙafa, duk a lokaci ɗaya. Idan hannu ya kai sara zuciya tana wani wuri, kin yi aikin banza.

Bayan saran ma da sauran aiki. Akwai abin da suke kira zanshin, wato hankalin da ya rage bayan an gama. Dole ki juyo ki fuskanci abokiyar karawarki a shirye, kamar yanzu za a fara. Wadda ta yi tsallen murna don ta ci, ana iya soke makin nata nan take. Kun ji fa!

Malaman kendo suna cewa cututtuka huɗu ne ke ka da mai takobi tun kafin a taɓa shi: firgita, tsoro, shakka da ruɗewa. Don Allah ku faɗa min, ba su ne ke ka da yarinya a ɗakin jarrabawa ba? Ta yi karatunta tsaf, tana ganin tambayar farko sai gabanta ya faɗi, abin da ta sani ya gudu. Su ne kuma ke sa wata ta ce "to" ga saurayin da ya tsare ta da daɗin baki, alhali zuciyarta "a'a" take cewa.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, natsuwa koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon tuƙa tuwo. Ba a haifi 'yan matan can da ita ba, maimaici ne ya ba su, yau da gobe, har jiki ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba sai kin sayi takobi ba, ƙanwata. Kafin ki buɗe littafi, zauna ki miƙe bayanki, ki yi bismillah, ki ja numfashi a hankali sau goma. Ki ɗauki darasi ɗaya tak, ki ba shi rabin awa, ido da baki da hannu duk a kansa: ki karanta a fili, ki rubuta. Waya da wasiƙar wane su jira. Idan kin gama kar ki yi wurgi da littafin, rufe shi ki tambayi kanki me kika riƙe. Haka a jarrabawa, kar ki miƙa takarda sai kin sake dubawa. Ki kuma motsa jiki kullum, ko da tsallen igiya ne a tsakar gida, don jikin da ya mutu ba ya ɗaukar karatu.

Ku gwada na mako biyu, ku rubuto min yadda kuka gani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku