Tafiya duniyar Mars: Me ya sa kaurin bangon kumbo kaɗai ba zai kare 'yan sama jannati ba?

Yayin da Amurka ke ƙoƙarin mayar da mutum duniyar wata a ƙarƙashin shirin Artemis, China kuma ta ƙuduri aniyar sauke nata 'yan sama jannatin a can kafin 2030, akwai matsalar da ƙarfin roka ba zai warware ba: yadda za a kare jikin ɗan Adam daga radiyeshan, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke ratsa ƙarfe da tsoka, suna lalata ƙwayoyin halitta har su haddasa ciwon daji.

Iri biyu ne. Na farko rana ce ke amayar da shi lokaci zuwa lokaci, kamar guguwar watan Agustan 1972, wadda ta auku tsakanin tafiyar Apollo 16 da ta Apollo 17. Na biyu yana fitowa ne daga can wajen da'irar rana, ba ya yankewa, kuma shi ya fi wuyar tarewa.

Alƙaluma sun nuna girman lamarin. Mazaunin doron ƙasa na samun kimanin milisibat 2.4 a shekara. Amma na'urar da ke jikin motar bincike ta Curiosity, a hanyarta ta zuwa Mars tsakanin 2011 da 2012, ta auna kusan 1.8 a kowace rana. Zuwa da dawowa kaɗai zai kai wajen 660, alhali iyakar da hukumar NASA ta gindaya wa ɗan sama jannati a tsawon aikinsa 600 ce.

Mai karatu zai ce a ƙara wa bangon kumbo kauri mana. A nan gizo ke saƙar. Idan ƙwaya mai nauyi ta daki ƙarfe irin alminiyom ko dalma, sai ta tarwatse, ta kuma fasa ƙwayoyin ƙarfen, ɓarɓashin ya fantsama cikin kumbon. Lissafin masana NASA ya nuna cewa akwai kaurin da idan alminiyom ya wuce shi, haɗarin kan fara ƙaruwa maimakon raguwa. Abubuwa masu yalwar haidirojin, irin ruwa da robar da ake yin leda da ita, sun fi amfani. Shi ya sa aka lulluɓe wasu ɗakunan barci na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da irin wannan roba.

Tunda ba a gwaji da ran mutum, kwamfuta ce ke yanke hukunci. Manhajar HZETRN ta NASA tana warware lissafin cikin hanzari, abin da ke ba injiniyoyi damar gwada zane da dama. Geant4, wadda aka haɓaka a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, da PHITS ta Japan, suna bin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya har miliyoyi, a ga inda kowace ta tsaya. Likitocin ciwon daji ma na amfani da irin wannan lissafi wajen tsara gashi.

Sai dai lissafi ba ya zama abin dogaro sai an gwada shi da awo na zahiri. Tun 2003 NASA ke harba ƙwayoyi kan kayayyaki a ɗakin gwajinta na Brookhaven da ke jihar New York. A Nuwamban 2022 kuma kumbon Artemis I ya zagaya wata ɗauke da mutum-mutumi biyu, Helga da Zohar, cike da dubban na'urorin awo. Ɗaya da rigar kariya, ɗaya babu.

Kowane kilo da aka ƙara wa kumbo kuɗi ne da makamashi. Idan lissafi ya zuzuta haɗari, tafiyar za ta gagara don tsada. Idan ya raina shi, jikin matafiya ne zai biya. Ranar tashi zuwa Mars ta dogara ne da ranar da lissafi da awo suka yi daidai.