Dashen Ɓargo: Kada A Jira Shawara Ta Hau Ido

Makonni uku da suka wuce na je Jibiya yi wa wani ƙanena, ɗan baffana, barka da dawowa. Watanni huɗu ya yi a Indiya, inda aka yi wa ɗansa mai shekara tara dashen ɓargo saboda ciwon sikila. Sai da ya sayar da gona da mota kafin tafiyar ta yiwu. Da muka zauna a zaure, abin da ya fara nuna mini ba hoton jirgi ba ne, wani littafin rubutu ne irin na ’yan firamare, kowane layi da kwanan wata da nauyin yaron.

Ya ce: “Yaya, da farko haushi nake ji. Kullum da asuba sai ma’aikaciyar jinya ta tashe shi ta ɗora a sikeli, ta kuma zagaya cikinsa da tef kamar tela. A sati na biyu nauyinsa ya yi ta hawa kwana uku a jere. Ni murna na yi, na ɗauka ƙiba ce. Su kuwa nan take suka taru a kansa.”

Abin da likitocin suka hango shi ne toshewar ƙananan jijiyoyin jini na hanta. Ni ba likita ba ne, malamin jami’a ne, amma tun daga ranar na zauna na karanta abin da masana suka rubuta a kan wannan larura, kuma ina ganin bai kamata ya tsaya a cikin aljihuna ba.

Kafin a yi dashe, sai an ba mara lafiya magunguna masu ƙarfin gaske, irin su busulfan, domin a share tsohon ɓargo a yi wa sabo wuri. Waɗannan magunguna kan ƙuje shimfiɗar da ke cikin siraran hanyoyin jini na hanta. Shimfiɗar ta kumbura, ta sassaɓe, ta tare hanya, kamar yadda shara ke toshe kwata da damina. Jini ya kasa wucewa, hanta ta kumbura tana ciwo, ruwa ya taru a ciki da sauran jiki. In abin ya yi tsanani har ƙoda da huhu suka gaza, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba sa tashi. Yara sun fi manya shiga wannan haɗari, haka ma duk wanda hantarsa ta riga ta wahala. A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye, domin yaron sikila da ya sha ƙarin jini shekara da shekaru yakan tara sinadarin ƙarfe a hanta, ga kuma ciwon hanta nau’in B da ya yi mana katutu a Arewa.

Matsalar gane cutar tsohuwa ce. Ƙa’idar da aka fitar a Baltimore ta Amurka a 1987 ta shardanta cewa sai sinadarin bilirubin, wanda ke sa ido ya koma ruwan ɗorawa, ya hau, kuma sai abin ya faru cikin kwana 21 na farko. Daga baya aka lura cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke kamuwa idonsu fari tas yake, wasu kuma sai bayan kwana 21 ɗin cutar ke bayyana. Saboda haka a 2018 ƙungiyar likitocin dashen ɓargo ta Turai ta fitar da ƙa’ida ta musamman domin yara. Ta cire iyakar kwanaki, ta kuma ce alamomi biyu daga cikin biyar sun isa a yi zargi: nauyi ya hau kwana uku a jere ko ya ƙaru da fiye da kashi 5 cikin ɗari, hanta ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, bilirubin ya riƙa hawa, ko ƙwayoyin da ke daskarar da jini su riƙa ƙarewa ba dalili, ana ƙara wa yaro suna zurarewa. Maganin da ake amfani da shi, defibrotide, Turai ta amince da shi a 2013, Amurka a 2016. Yana da ɗan karen tsada, kuma amfaninsa ya fi yawa in an fara da wuri.

A Nijeriya, tun 2011 aka yi dashen farko ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Benin, Asibitin Koyarwa na Jami’ar Legas kuma ya bi sahu a 2024. Duk da haka mafi yawan masu hali waje suke fita. Gaskiya ne cutar ta fi afkuwa a makonnin farko, lokacin da yaro ke hannun waɗanda suka yi aikin. Tsorona yana kan uban da guzurinsa ya ƙare, ya matsa a sallame shi da wuri, ya dawo gari irin Jibiya. Yaro ya zo da kumburin ciki, ma’aikacin lafiya ya ja fatar idonsa ya ga fari, ya rubuta maganin maleriya. Ba zan zarge shi ba. Wataƙila bai taɓa ganin wanda aka yi wa dashe ba a rayuwarsa. Ga iyalin da ke tsallaken iyaka, a Ɗan Isa ko Maraɗi, abin ya fi wuya. Mun ga yadda aka garƙame iyakar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Hantar da ta toshe ba ta san da wannan ba.

Don haka nake ganin wajibi ne duk asibitin da ya tura yaro waje, a Katsina ne ko Kano, ya san ranar dawowarsa, ya kuma ajiye likitan jini da za a iya kira kowane lokaci. Iyaye su riƙe takardar sallama mai ɗauke da sunayen magungunan da aka bayar, su kuma sayi sikeli. Kuɗinsa bai kai na tasin filin jirgi ba.

Saura batu guda, mai ɗan nauyi a baki. Muna zaune sai ga kakar yaron ta iso daga Maraɗi da jarkar jiƙo, wai na wanke hanta. Ƙauna ce ta kawo ta, ba shakka. Sai dai wannan cuta, tun kafin a san dashen ɓargo, a Jamaika aka bayyana ta a 1954, a jikin yaran da ake ba shayin wasu ganyayen daji masu guba ga hanta. Ban ce abin da ke cikin jarkar yana da wannan guba ba, amma babu ɗayanmu da ya san abin da aka jiƙa, har ita kanta.

Na ce: “Gwaggo, a yi haƙuri a ajiye shi tukuna, sai likitansa ya ce.” Ta dube ni ta ce bokon nan namu ya yi yawa. Ƙanena dai ya karɓi jarkar da hannu biyu, ya yi godiya, ya kai ta ɗakinsa ya kulle. Washegari da asuba, kafin in kama hanyar Katsina, na ji yana tashin yaron ya hau sikeli.