Ran Jirgin Yana Ƙarƙashin Tebur

A 1946 aka kafa ƙungiyar masu gina ƙananan samfuran jirgin ƙasa a jami'ar MIT ta Amurka. Mambobinta sun kasu gida biyu. Wasu suna saman tebur, suna ƙera taragai, suna fentin tashoshi da tsaunuka. Wasu kuma suna ƙarƙashinsa, kwance rigingine, suna haɗa wayoyi da kayan musayar tarho domin kowane jirgi ya san inda zai tsaya da inda zai wuce. Daga rukuni na biyun ne wasu suka koma kan kwamfutocin farko na jami'ar, kamar yadda Steven Levy ya ba da labari a littafinsa Hackers na 1984. Darasin bai tsufa ba: duk wanda zai shimfiɗa irin wannan layin dogo, ya tsara wayoyinsa kafin ya dasa bishiyar farko.

A tsohon tsari, wutar da ke kan dogo ita ce linzami. A ƙara ta, jirgi ya yi sauri. A juya ta, ya koma baya. Jirage biyu a layi ɗaya dole su yi abu ɗaya, sai dai a yanka layin gunduwa-gunduwa, kowace da makunninta. Wayoyi kan yi yawa, amma tilas ta sa maginin ya yi tunani tun da wuri.

Sai tsarin DCC ya zo, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mai da shi ma'auni a shekarun 1990. A nan wuta tana kan dogo koyaushe, umarni yana tafiya a cikinta, kuma kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura mai lambarsa, ba ya amsa kiran kowa sai nasa. Daga nan aka fara yaɗa cewa waya biyu sun wadatar. Wannan magana ce ke jefa sababbin shiga cikin wahala.

Dogon da aka fi amfani da shi gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, kuma bai kai jan ƙarfe zalla ɗaukar wuta ba. 'Yan ƙarafan da ke haɗa sanda da sanda suna sakwarkwacewa, suna yin datti. Shi ya sa ƙwararru ke jan wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, su riƙa ɗaga sirara zuwa dogo, kusan kowace mita guda, a like su da dalma. Layin da ya yi zobe ya dawo kan kansa kuma yakan haɗa ɓangarorin wuta biyu, sai an keɓe shi an sa masa na'urar juya wutar. In kuwa ba a raba shimfiɗar zuwa yankuna masu na'urar katse wuta daban-daban ba, tarago ɗaya da ya goce zai tsayar da kowa. Gwajin ma mai sauƙi ne: a ɗora kwabo a kan dogo a wuri mafi nisa. In wuta ba ta katse nan take ba, wayar ta yi siriri, kuma zafin haɗewar wuta na iya narkar da roba.

Akwai masu cewa yawan tsari na kashe sha'awa, mutum ya shekara yana zane bai ga jirgi ya motsa ba. Suna da gaskiya a kan ƙaramin zagaye na kan teburin cin abinci. Sai dai shimfiɗa ba ta tsayawa yadda aka fara ta, kuma abin da ake nema bai wuce takarda ɗaya ba: ina yankuna za su rabu, wace kalar waya ce ta wane dogo, wace lamba ke kan kowace mahaɗa. Tun ran gini ake zane. Wanda ya rufe dogonsa da tsaunin filasta kafin ya yi wannan, ranar da jirgi ya tsaya a cikin rami, zaɓinsa biyu ne: ya bar shi a can, ko ya fasa tsaunin.