Ba Shekaru Ake Aunawa Ba Wajen Shugabancin Jinya

Akwai tambayar da ake yi wa ma'aikaciyar jinya da ta haura hamsin idan ta nemi komawa kujerar shugabanci bayan ta yi shekaru a gefe: “Hajiya, za ki iya kuwa?” Ana yin ta da murmushi, amma hukunci ne da aka riga aka yanke. Wannan hukunci kuskure ne, kuma majinyata ke biyan kuɗinsa.

A farkon 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda asibitocin Ingila da Amurka suka fi nema su ne waɗanda suka goge, wato waɗanda ya kamata su gaji shugabancin ɗakunan majinyata. Asibitin da ya rasa wannan rukuni, sannan ya rufe ƙofa ga wadda ta ajiye aiki don renon 'ya'ya ko jinyar iyaye, ya yi asara sau biyu.

Hujjar masu ƙi ita ce ilimi ya ci gaba, magunguna sun sauya, kwamfuta ta shigo. Gaskiya ne, amma wannan giɓi ne da horo na 'yan watanni ke cikewa, kuma sabunta lasisi ya riga ya wajabta kwasa-kwasan ƙarin sani. Abin da ba a koya cikin watanni shi ne ainihin aikin shugaba: raba ma'aikata biyar a ɗakin da ke buƙatar goma, gane majinyacin da jikinsa ke rikicewa tun kafin kowa ya lura, tsayawa gaban likita a ce masa wannan allurar ta yi yawa, da kwantar da hankalin dangin da suka fusata.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: dawowar manya na tare wa matasa hanyar ƙarin girma. Maganinta a ƙayyade wa'adi, shekara uku ko huɗu, a kuma rubuta cikin kwantiragi cewa wajibi ne ta horar da magajiya. Kujerar da ke haifar da shugabanni biyu ba ta tare hanyar kowa.

Ƙasar ma ta riga ta amince da wannan hujja a wasu fagage. Farfesa yana aiki har shekara 70. Dokar 2022 ta ba malaman makaranta shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Ingila kuwa, da annobar korona ta matsa a Maris 2020, waɗanda suka bar aiki ta kira, ta buɗe musu rajista ta musamman. Kofoworola Pratt malamar makaranta ce kafin ta fara koyon jinya a Landan a 1946. A 1964 ta shugabanci ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Ibadan, a 1973 ta zama kwamishinar lafiya ta Legas.

Saboda haka kwamitocin ɗaukar aiki su gwada mai dawowa da jadawalin dare, da lissafin magani, da rikicin ma'aikata. Idan ta faɗi, a sallame ta da hujja. Idan ta ci, takardar haihuwarta ba ta da abin cewa.